Kwashe garken gwanki, da ciwon da ke bin dabba bayan ta shiga hannu

Cikin duk mutanen da aka tara don kwashe garken gwankaye daga wani gandun daji zuwa wani, ni aka ba aikin da ya fi kowanne rashin kwarjini. Wani yana tuƙa jirgi mai saukar ungulu, wani yana riƙe da bindigar harba allura, majiya ƙarfi suna jiran jan labule da tura ƙofa. Ni kuwa agogo aka miƙo mini, da ma'aunin zafin jiki, da littafi da biro. Likitan dabbobin da nake yi wa mataimaki ya ce in rubuta mintin da aka fara kora, da mintin da kowace dabba ta shiga hannu, da zafin jikin duk wadda muka samu damar taɓawa. Ya ce idan agogo ya wuce inda aka yi yarjejeniya in buɗe baki in faɗa, ko da shugaban gandun ne tsaye a gabana.

Gandun da za a kwashe su daga ciki ya yi musu kaɗan, gonaki sun matso ta kowane ɓangare, ciyawa ba ta isa. Inda za a kai su tafiya ce mai nisa a babbar mota, har a kwana a hanya. Gwanki ba ƙaramar dabba ba ce: bijimi yakan haura kilo 250, ga ƙahoni masu lanƙwasa baya, kuma idan aka ƙure shi gurfanawa yake yi a kan gwiwa ya yi ta sara da kai. Saboda haka ni a zatona ƙaho da karaya ne za su cinye taron da muka yi daren jajibere. An yi maganarsu, amma a gurguje. Yawancin daren a kan ciwon tsoka na kamu ya tafi.

Ciwo ne da ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wata dabba. Tsoro da wahalar kamun ne ke haifar da shi a cikin jikin dabbar da jiya lafiyarta ƙalau. Idan dabba ta firgita, jikinta yakan watsa adirenalin, sinadarin da ke zaburar da jiki, cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, a janye jini daga hanji da ƙoda a tura wa tsokoki. Shiri ne na ɗan lokaci. A dawa idan zaki ya taso wa gwanki, nan da nan magana take ƙarewa: ko ya tsira ya tsaya ya huce, ko ya zama nama. Kamun mutum kuwa ba ya ƙarewa da wuri. Bayan kora sai shinge, bayan shinge sai hannaye, sai mota, sai baƙon wuri, dabbar tana ta neman mafita babu. Tsokar da aikinta ya fi ƙarfin iskar oksijin da jini ke kawo mata sai ta koma ƙona sukari babu iska, asid ɗin laktik ya taru, jini ya yi tsami, zafin jiki ya hau. Daga nan ƙwayoyin tsokar su fara fashewa suna zubar da abin da ke cikinsu a jini. Biyu daga cikin abubuwan da suke zubarwa su ne masu kisa. Akwai fotasiyam, wanda idan ya yi yawa a jini yake rikita bugun zuciya har ta tsaya. Akwai mayogulobin, sinadarin da ke ba tsoka jan launinta, wanda idan ya isa ƙoda yake toshe ƙananan bututunta ya lalata su. Shi ne ke mayar da fitsari baƙi-baƙi.

Masu wannan sana'a da asara suka koyi darasin. A 1963 an kama wasu dabbobin hirola, dangin kanki da ke zaune a yankin iyakar Kenya da Somaliya, don a kai su gandun Tsabo ta Gabas, da yawa suka mutu a hannu. Rahoton da ya fito a 1964 a kan lalacewar tsokarsu shi ake ɗauka farkon bayanin ciwon a namun daji, kuma cikin waɗanda suka rubuta shi akwai Antonie Harthoorn, wanda ya ci gaba da binciken a Afirka ta Kudu. Tun daga lokacin an gan shi a barewa, da jakin dawa, da raƙumin dawa, da kangaru, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu irin su gauraka, har da dabbobin teku irin dolfin idan suka maƙale a gaɓa. Gwanki yana sahun waɗanda ya fi saurin kamawa. Likita ya rufe taron da cewa idan ciwon ya riga ya bayyana, da ƙyar magani ke yin wani abu, don haka duk aikinmu na gobe ragi ne: a rage gudu, a rage hayaniya, a rage hannu, a rage mintoci.

An riga an kafa shingen kamun, wanda ake kira boma, kwanaki kafin nan. Doguwar mazurara ce da aka yi da labulen leda mai kauri, an rataye shi a kan wayoyin ƙarfe da aka ɗaure daga bishiya zuwa bishiya, tsayinsa ya fi mutum nesa. Bakinta yana da faɗi sosai, tana tsukewa har ta ƙare a wani lungu mai bangon ƙarfe da ke hawa cikin mota. Wani ɗan Afirka ta Kudu mai suna Jan Oelofse ne ya ɓullo da dabarar a 1968, bayan ya lura dabbar dawa tana ɗaukar labulen da ba ta iya gani ta cikinsa a matsayin bango, ba ta yunƙurin keta shi. Kafin nan da raga ake kamawa, kuma raga ita ce uwar wannan ciwo, domin dabbar da ke kokawa a ɗaure tana ɗaɗɗaure tsoka ba saki, jijiyoyin jini su matse, ɓarnar ta fi ta gudu. Wurin da za a kafa boma iska ce ke zaɓarsa. Dole ta riƙa kaɗawa daga bayan dabbobin zuwa cikin shingen, in ba haka ba za su jiyo warin mutanen da ke laɓe su juya. Wani tsohon mai bin sawu da muke kira Baba shi ke kula da wannan. Yakan ɗebi ƙura ya saki daga tsakanin yatsu, ya dubi inda ta nufa. Da asubar ranar kamun ma sai da ya yi haka kafin ya ɗaga wa likita hannu.

An zaɓi lokacin sanyi na shekara, da kuma lokacin da matan ba su da tsohon ciki ko jariran maruƙa. Dokar tawagarmu ita ce da zarar zafin gari ya doshi digiri 25, an tashi aiki. Jirgi ya tashi gari bai gama wayewa ba. Ni ina kwance a bayan labule na biyu tare da masu ja, oba-oba a kunne, agogo a hannu. An hana taba, an hana magana, an hana ko tari in da hali.

Matuƙin ya san aikinsa. Daga nesa yake tsayawa yana ɗan matsa musu, su yi sassarfa, ya ja baya su tsaya su huta, ya sake matsowa. Sai da suka zo bakin mazurarar ya sauko ƙasa-ƙasa ya takura su, na ji ƙasa tana girgiza a ƙirjina, suka wuce mu ƙura na binsu. Ya busa jiniya, masu labulen farko suka ruga suka ja ya rufe a bayansu. Jiniya ta biyu, mu ma namu ya rufe. Gudun ƙarshen nan mai tsanani bai kai minti biyu ba a littafina.

Sai dai garken ya rabu a bakin shiga. Wani kaso, har da babban bijimi da wata karsana, sun waske sun yi yamma. Jami'in da ke wakiltar masu gandun ya ce a dawo da su tunda ga jirgi a sama, hayarsa kuma ta awa ce. Matuƙin ya zagaya ya taro su, suka sake waskewa. Na dubi agogo, bakina ya bushe, na danna oba-oba.

"Likita, lokaci ya cika."

"Na ji ka, ɗana. Yallaɓai, a bar su haka."

"Likita, ga su nan a bakin ƙofa fa. Turawa ɗaya ce ta rage."

Kafin a gama ja-in-jar turawar ta riga ta faru. Wasu sun shiga, har da bijimin da karsanar, sauran suka ɓace cikin kurmi, likita ya ce jirgi ya sauka ko da me za a ce. Waɗanda suka shigo a karo na biyun sun yi gudu mai tsanani kusan ninki uku na 'yan'uwansu.

Bijimin ya ƙi hawa lungu. Ya juya ya fara sukar na kusa da shi, har ya yaga labule da ƙaho, haske ya shigo ta wurin, sauran suka fara nufar ɓarakar. Ba yadda za a yi sai a kwantar da shi. Maganin da ake ɗura wa kibiyar allurar etofin ne, wanda aka fi sani da M99, ya fi mofin, maganin kashe zafin ciwo na asibiti, ƙarfi sau dubu ko fiye, ɗan ɗigonsa yana iya kashe mutum. Shi ya sa likita ba ya buɗe kwalbarsa sai makarinsa, naltirekzon, yana zuƙe a sirinji a hannun wani a gefe. Wani abin da ya saɓa wa tunanin baƙo shi ne, rage wa dabba wannan magani ya fi cika mata haɗari. Idan bai isa ba, ba za ta faɗi ba, za ta yi ta sassarfa kai a sama ba ta san inda take ba, tana ƙona jikinta. Likita ya ba shi cikakke a cinya. Cikin 'yan mintoci ya fara ɗaga ƙafa sama-sama, ya yi tangaɗi, ya durƙushe.

Mutum na farko da ya isa gare shi ƙyalle ya yafa masa a ido, na biyu ya cusa masa auduga a kunnuwa. Aka gyara masa kwanciya a kan ƙirji, ƙafafu a naɗe ƙarƙashinsa, mutum biyu suka riƙe ƙahoni, kai a sama hanci yana kallon ƙasa. Dabba mai tuƙa ba a barinta kwance a gefe: tumbinta zai kumbura, abin da ke ciki ya dawo ya shiga huhu. Ni na zagaya baya, na ɗaga wutsiya na sa ma'auni a dubura. Fatar cinyarsa tana rawa ƙarƙashin hannuna, zafi yana tashi daga jikinsa har ina jinsa a fuska, kumfa na zuba daga bakinsa. Lafiyayyen gwanki zafinsa tsakanin digiri 38 da 39 yake. Na ga lamba ta wuce 40 ba ta tsaya ba, ta wuce 41, ta tsaya a 41.8. Daga 41 an shiga haɗari, wanda ya kai 43 kuwa da wuya ya tashi. Na nuna wa likita ma'aunin ban ce komai ba. Ya yi nuni da jarkoki. Muka riƙa kwarara masa ruwa muna cuɗa shi da hannu ya ratsa gashi ya taɓa fata, musamman wuya da hammata da tsakanin cinyoyi, wasu suna yi masa fifita da kwali. Aka zura masa siririn bututun oksijin a hanci, domin M99 yana danne numfashi. Likita ya ɗebi jini a jijiyar wuya, ya yi masa allurar kwantar da hankali, aka sanya masa gutsuren tiyo a kan kowane ƙaho don kada ya soki wani. Muka ɗora shi kan tamfol muka ja shi cikin ɗakinsa shi kaɗai a motar, aka yi masa makari ta jijiya, aka zare ƙyalle da auduga, kowa ya fice. Bai fi minti biyu ba ya miƙe. Awona na ƙarshe kafin a tashe shi ya nuna 40.3.

Zafin nan mutane sukan ɗora shi a kan rana ko gudu. Suna da hannu, amma ba su kaɗai ba ne. Wani bincike da Leith Meyer da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 a kan barewar impala a Afirka ta Kudu ya nuna hawan zafin jiki lokacin kamu ya fi bin girman firgitar dabbar fiye da gudun da ta yi, ko zafin gari, ko irin maganin da aka harba mata. Waɗanda suka saba da mutane kuwa zafinsu bai hau kamar na sauran ba. Wannan ne ya sa ƙyallen ido da audugar kunne suke da daraja ɗaya da abin da ke cikin kwalba, kuma shi ya sa likita yake harar duk wanda ya ɗaga murya kusa da dabbar da ke kwance.

Sauran sun hau mota da ƙafarsu, kaɗan-kaɗan, mata da matasa tare, kowane balagaggen namiji a ɗakinsa. Daga saman motar ake buɗe 'yar taga a yi musu allura da sirinjin da ke bakin doguwar sanda. Iri biyu aka haɗa musu: haloferidol mai kamawa da wuri ya riƙe su tsawon tafiyar, da farfenazin mai jinkirin kamawa, wanda sai washegari yake fara aiki amma ya kai kusan mako. Ba barci suke sa dabba ba, tana tsaye tana gani, damuwar ce kawai take raguwa. An kuma yi musu bitamin E da seleniyam kamar yadda aka saba. A ganina wannan ta fi kwantar da hankalin mai yin allurar fiye da wanda aka yi wa, domin hujjar cewa tana hana ciwon ba ta da ƙarfi, sai fa a dabbar da dama take da ƙarancinsu. Karsanar nan na gan ta ta tagar sama. Tana tsaye a kusurwa shiru, ba ta harbi ba ta tsalle. Wani daga cikin masu lodi ya yi raɗa cewa da duk haka suke da an huta.

Ba a bar mota tsaye da kaya ba. Dabbobi sun fi natsuwa idan tana tafiya, don haka takardun izini da na lafiya duk an kammala su tun kafin ranar, kada a tsaya jiran sa hannun wani. Cikin motar duhu ne, iska na shiga ta sama da ƙasa, an zuba yashi da busasshiyar ciyawa a daɓen don kada su zame. Direban ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya shan kwana da gudu. Idan za mu duba su, nesa da gari muke tsayawa, likita ya hau sama ya leƙa da ƙaramar tocila da ya rufe bakinta da yatsu, ya ƙirga kawuna, ya ga ko akwai wadda ta kwanta ana tattaka ta. Nau'in ciwon mafi gaggawa a wannan tsakanin yake kisa, daga awa 1 zuwa 6 bayan kamu: numfashi ya yi sama-sama, zuciya ta yi ta bugawa ba ƙarfi, jini ya kasa zagayawa, dabba ta sulale. Mun wuce wannan ba mu rasa ko ɗaya ba.

Da sassafe muka isa. Aka jingina motar da bakin wani babban shinge mai bango rufaffe, da inuwa da ruwa da ciyawa a ciki, aka zare ƙofa, kowa ya koma bayan mota. Ba a kora, ba a buga jikin mota. Sun ɗauki lokaci kafin ta farko ta leƙo, sauran suka biyo ta. Duka suka sauka da ƙafarsu. Jami'in masu gandun ya kama hannun likita yana girgizawa, ya ce yau sai aika albishir.

"Yallaɓai, a dakata da albishir tukuna," in ji likita. "A tambaye ni bayan wata guda."

Daga nan aikina ya koma leƙe. Akwai 'yar huda a bangon shingen, nan nake zama safe da yamma. Abin da nake dubawa: wa ke ci, wa ke tuƙa, wa ya ware kansa, yadda kowa ke taka ƙafar baya, da launin fitsari idan na dace. Terry Spraker na jami'ar jihar Kolorado a Amurka ya kasa ciwon gida huɗu, kuma uku daga ciki a irin wannan zama ake ganinsu. Akwai wanda tsokar da ke riƙe agara take tsinkewa kwana ɗaya ko biyu bayan kamu, sai ka ga gwiwar ƙafar baya ta faɗi kusan ƙasa, dabbar tana jan jiki, tana iya kai makonni a haka kafin ta mutu. Akwai wanda ya fi ban tsoro: dabba ta kwana ta wuni lafiya a ido, amma zuciyarta ta riga ta ji rauni, sai wani abu ya sake firgita ta, ta zabura da gudu, ta tsaya cak, ta faɗi matacciya. Saboda shi ne aka hana kowa shiga, aka hana mota matsowa, aka mayar da masu son ɗaukar hoto daga bakin hanya, abin da ya jawo wa likita baƙin jini ba kaɗan ba.

Na ukun, wanda ya fi yawa, shi ya kama karsanar. Da farko na ga tana taku a sage, kamar ba ta son lanƙwasa ƙafar baya. Washegari ta ware daga garke, bayanta ya ɗan gantsare, wuyanta ya fara karkata gefe guda. Da ta tsuguna fitsari sai na ga abin da ya fito ɗan kaɗan ne, ja mai duhu ya doshi baƙi. Na je na kira likita, ya sa ido a hudar ya daɗe bai ɗago ba.

A nan ne sana'ar take da ɗaci. Don ka yi mata magani sai ka sake kama ta, kamun kuwa shi ne ciwon. Shigarka shingen kuma za ta tayar da sauran, cikinsu wataƙila akwai mai raunin zuciyar da ba ka sani ba. Likita ya jira har ta kwanta ta kasa tashi, garken ya koma can ƙarshen shinge, sannan aka ja labule tsakaninsu muka shiga mu uku. Ƙyalle a ido, allura kaɗan, ƙarin ruwa ta jijiyar wuya leda bayan leda don a wanke ƙoda, da sodiyam bayikabonet don a kashe tsamin jini, dabarar da Harthoorn ya gwada a kan jakunan dawa a shekarun 1970. Aka yi mata maganin ciwo, muka tokare ta da damin ciyawa ta zauna a kan ƙirji, muna juya ta lokaci-lokaci. Ruwa yana shiga, fitsari ba ya fita. Da likita ya ga haka ya ce ƙoda ta tafi, ci gaba azabtarwa ce, ya yi mata allurar da ta hutar da ita.

Mun feɗe ta nan take, nesa da shingen, domin idan gawa ta jima alamun sukan rikice. Da ya tsaga fatar cinya ya buɗe manyan tsokokin baya, ba sai an yi mini bayani ba. Lafiyayyar tsokar gwanki ja ce wur mai sheƙi. Wannan kuwa jirwaye ne: nan ja, nan fari-fat a bushe kamar an kwara masa tafasasshen ruwa, da ɗigon jini a tsakani. Ya danna da yatsa, naman ya rabu ba tare da wuƙa ba. Ya buɗe ɗaya cinyar, daidai wurin, daidai fasalin. Haka gadon baya, haka wuya. Ƙodojin sun kumbura sun yi duhu har ciki, mafitsara da ɗan ragowar baƙin fitsari. A jikin zuciya ma akwai zane-zanen fari. Ya yanki ƙananan gutsattsari ya jefa cikin kwalaben fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, ni ina rubuta sunan kowace gaɓa a jiki. Baba, da ya zo taya mu riƙe ƙafa, ya ce shekarunsa nawa yana ganin naman dawa bai taɓa ganin irin wannan a dabbar da zaki ya kashe ba.

Likitocin mutane sun san wannan hoton. Shi suke gani a wanda gini ya danne na awoyi, abin da Eric Bywaters ya bayyana a 1941 a kan mutanen da aka zaƙulo daga ɓaraguzan Landan lokacin ruwan bama-bamai: tsoka ta murƙushe, fitsari ya yi baƙi, ƙoda ta tsaya bayan an yi murnar ceto. Bambancin shi ne mutum ana iya kwantar da shi a gado a yi masa wankin ƙoda yana sane da cewa taimakonsa ake yi.

Bijimin da ya kai 41.8, wanda duk muka sa wa ido, ya yi ɗingishi na 'yan kwanaki ya warware, ya koma cin ciyawa da hargagin maza. Ina yawan tunanin wannan. Shi da ya yi faɗa an kwantar da shi, an rufe masa ido, an jiƙa shi, an ba shi iska. Ita da ta tsaya shiru ba wanda ya auna ta, domin ba ta ba kowa dalili ba. Ta shiga mota da zafinta da tsamin jininta ta yi tafiyar dare a haka. Shirun da aka yaba mata a wurin lodi, a fahimtata, ciwon ne ya riga ya fara.

Sakamakon jinin da aka ɗiba ya dawo daga ɗakin gwaji. Sinadarin CK, wanda ke fita daga tsokar da ta ji rauni, ya hau sosai a jinin duk waɗanda aka gwada, har da masu kiwo lafiya a shinge. Na 'yan karo na biyu ya fi na kowa. Wato babu wanda ya fita fes, wasu dai ɓarnar ba ta kai ta kisa ba. A rahotonsa likita ya ja layi biyu, ɗaya na waɗanda suka sauka daga mota da rai, ɗaya na waɗanda ke raye bayan kwana 30, kamar yadda masu bincike da yawa ke lissafa mutuwar makonnin farko a kan kamun. Masu gandun sun so a tsaya a layin farko. Ya ƙi sa hannu sai da na biyun, ya kuma haɗa da shafin littafina mai mintocin kora.

Saura waɗanda suka tsere cikin kurmi. Su ba a sake kiran jirgi ba. An kafa wata boma a kewayen mashayar da suka saba, aka naɗe labulenta aka bar ta a buɗe ta ko'ina, aka ajiye gishirin lasa da ciyawa a tsakiya. Duk bayan 'yan kwanaki a saki ɓangare ɗaya na labulen, har ya rage ƙofa guda da za a ja da igiya daga maɓoya. Hanya ce mai cin makonni, jami'in kuma bai ɓoye ƙorafinsa a kan albashin masu gadi ba. Lokacin da aka mayar da ni wani aikin, mata da matasa sun fara shiga su sha ruwa su fita, wani namiji ne kawai yake tsayawa daga waje, likita kuma ya ce ba za a ja igiya ba sai ya saba shiga shi ma.